Yadda Ake Gina Jimlar Turanci: Fara da Neman Madugun Aikatau

Yawancin kurakuran da Bahaushe ke yi a ginin jimlar Turanci ba ƙarancin kalmomi ke jawo su ba. Ɗalibi zai haddace kalmomi buhu-buhu, amma ya zo ya rubuta “Did he went?” ko “Where you are going?” Tushen abin shi ne harsunan biyu ba wuri ɗaya suke ajiye lokaci ba. A Hausa, ’yar kalmar nan da ke gaban aikatau (kalmar aiki), wadda masana nahawu ke kira zagin aikatau, ita ke ɗauke da kayan: ya tafi, yana tafiya, zai tafi, yakan tafi, bai tafi ba. Ita ke nuna wanda ya yi aikin, da jinsinsa, da adadinsa, da halin da aikin yake ciki. Turanci ba shi da zagi. Duk wannan nauyi yana wuyan aikatau na farko a jerin aikatan jimla. A nan za mu kira shi madugu, domin shi ne uban tafiya: shi ke ɗaukar lokaci, shi ke dacewa da aikau (wato mai aikin, ko wanda ake magana a kansa), bayansa ake sa “not”, shi kuma ake turawa gaba idan za a yi tambaya.

Yadda za ka gano shi

Kalmomin da ke fitowa a fili a matsayin madugu ba su da yawa, guda 20 ne ya kamata ka haddace. Biyar daga gidan “be”: am, is, are, was, were. Uku daga gidan “have”: have, has, had. Uku daga gidan “do”: do, does, did. Sai tara masu nuna iyawa, izini, niyya ko wajibci: can, could, will, would, shall, should, may, might, must. Akwai wasu huɗu masu ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, wato ought, need, dare da used, amma ka bar su sai hannunka ya faɗa.

Idan jimla ta rikita ka, sauya mata lokaci. Sa “yesterday” a ƙarshenta ka ga wace kalma ce dole ta canza. “The tailor is sewing my gown” za ta koma “The tailor was sewing my gown yesterday.” Kalmar “sewing” ko gezau ba ta yi ba, “is” ce ta motsa. To ita ce madugu.

Wani lokaci za ka duba ka rasa ko ɗaya daga cikin 20 ɗin. “Musa sells rice.” A irin wannan jimla madugu a ɓoye yake cikin aikatau, kuma kullum ɗan gidan “do” ne. Ka warware shi kamar haka: “sells” daidai yake da “does” a haɗe da “sell”, “sold” daidai yake da “did” a haɗe da “sell”, “sell” kuwa “do” ne da “sell”. Da zarar ka fito da madugun fili, ya kwashe lokacin da harafin s ɗin duka, aikatau ya koma tsurarsa. Shi ya sa “Did he went?” kuskure ne: an nuna shuɗaɗɗen lokaci sau biyu, a “did” da kuma a “went”. Sau ɗaya ake nuna shi. “Did he go?” Haka “She doesn’t likes” ta ɗauki s biyu, ɗaya ya yi yawa.

Wannan ɗabi’a ta jawo “do” ba tun asali Turanci yake da ita ba. A zamanin Shekspiya, shahararren marubucin Ingila wanda ya rasu a 1616, ana iya cewa “I know not” ko a yi tambaya da “Know you this man?” ba tare da wani “do” ba. A ƙarni na 16 ne abin ya bazu, ya zo ya kafu a wajajen 1700. Wani masanin harshe ɗan ƙasar Suwidin, Alvar Ellegard, ya bi diddigin wannan sauyi a tsofaffin rubuce-rubuce a 1953. Jamusanci, ɗan’uwan Turanci na kusa, har gobe juya aikatau yake yi kai tsaye.

Ɗan gidan “be” kuwa madugun kansa ne, ko da shi kaɗai ne aikatau a jimla. Ba ya neman taimakon “do”. A ce “Is he a teacher?”, ba “Does he is a teacher?” ba. Wuri ɗaya tak suke haɗuwa, wato a umarni: “Don’t be late.” Akasin wannan kuskure ma ana yi, a jawo “are” inda ba a gayyace shi ba: “Are you understand?” Aikatau a nan “understand” ne, madugunsa a ɓoye yake, don haka “Do you understand?”

Jerin aikatau da dokar wanda ke biye

Jimlar Turanci tana iya jera aikatau har biyar, kuma tsarin ba ya sauyawa: na farko mai nuna iyawa ko niyya, sai “have”, sai “be” na aiki mai ci, sai “be” na aikin da aka yi wa abu, sai babban aikatau a ƙarshe. Kana iya tsallake kowanne daga cikin huɗun farko, amma ba ka isa ka sauya musu wuri ba. Abin lura shi ne kowanne yana yanke wa na bayansa siffar da zai ɗauka. Bayan can, will, must da ’yan’uwansu, aikatau tsura ne: “can go”, ba “can goes” ba, ba “can to go” ba, ballantana “can be able to go” da ake yawan ji, wadda ta faɗi abu ɗaya sau biyu. Bayan “have” sai siffa ta uku, irin su gone, eaten, written: “has gone”, ba “has went” ba. Bayan “be” na aiki mai ci sai mai ɗafin ing: “is going”. Bayan “be” na aikin da aka yi wa abu, siffa ta uku kuma: “was stolen”. Masanin harshe ɗan Amurka, Noam Chomsky, shi ne ya yi fice wajen tsara wannan doka a 1957.

Gwada da wannan: “The road should have been repaired.” “Should” ya sa “have” ya zo tsura, “have” ya sa “be” ya zama “been”, “been” ya sa “repair” ya zama “repaired”. Aikatau huɗu, madugu ɗaya. Duk abin da za ka yi wa jimlar, da “should” kaɗai za ka yi hulɗa.

Korewa

Sau da yawa Hausa tana sa jimla a tsakiyar “ba” guda biyu: bai zo ba. Turanci kalma ɗaya yake sawa, nan take bayan madugu: “The road should not have been repaired”, “Musa does not sell rice.” In za ka taƙaita, ’yar alamar nan ta sama (’) tana zama inda aka cire harafin o: doesn’t, isn’t, haven’t. Uku ne suke sauya kama: “will not” ya zama “won’t”, “shall not” ya zama “shan’t”, “cannot” kuma, wanda ake rubutawa a haɗe, ya zama “can’t”.

A nan akwai tarkon da Bahaushe ke faɗawa fiye da kowa. Kalmomin kowa, komai da ko’ina fuska biyu gare su. “Kowa ya zo” tana nufin duka sun zo, “ban ga kowa ba” kuma tana nufin ko mutum ɗaya. Turanci ya raba su gida biyu. A jimlar tabbatarwa: everybody, everything, everywhere. A korarriyar jimla: anybody, anything, anywhere. Wanda yake son cewa “ban ci komai ba” ya ce “I didn’t eat everything”, abin da Bature zai ji shi ne ya ci, ya dai rage saura. Daidai shi ne “I didn’t eat anything” ko “I ate nothing”. Haɗa biyun, “I didn’t eat nothing”, ana jin sa a wasu karin harshen Ingila da Amurka, amma mai duba takardar WAEC ko NECO jan biro zai sa masa.

Ka kuma bambance “must not” da “don’t have to”. Na farko hani ne, kada ka je. Na biyu sassauci ne, ba sai ka je ba.

Tambaya

A Hausa kana iya barin jimla yadda take, ka ɗaga murya a ƙarshe, ko ka sa “shin” a farko, ko “ko” a ƙarshe, ta zama tambaya. A rubutaccen Turanci dole madugu ya tsallake aikau ya dawo gabansa. “Amina has finished” ta koma “Has Amina finished?” Madugu kaɗai ke tsallakewa, sauran suna nan inda suke: “Should the road have been repaired?”

Inda gizo ke saƙar shi ne idan aikau ya yi tsawo. “The man who is selling rams is your uncle.” Akwai “is” biyu. Wanda ya ɗauki na farko don kawai shi ya fara gani zai fitar da shirme. Yankin nan “who is selling rams” ganga ce dogarau, bayani take ƙarawa a kan “the man”, duk cikin aikau take. Gwajin da ba ya kuskure shi ne ka maye gurbin aikau gaba ɗaya da wakilin suna ɗaya: “He is your uncle.” Duk abin da “he” ya haɗiye aikau ne, kuma aikatau da ke biye da shi ne madugun babbar jimla. Tambayar ita ce “Is the man who is selling rams your uncle?” Wannan misali shi ke nuna cewa jimla ba jerin kalmomi ba ce kawai, yanki-yanki ce, wani cikin wani.

Tambaya mai kalmar tambaya mataki biyu ce: ka yi tambayar e ko a’a tukuna, sannan ka ɗora kalmar a gaba. “Audu bought a ram” ta zama “Did Audu buy a ram?”, sannan “What did Audu buy?” Hausa ma tana kawo kalmar gaba, “Me Audu ya saya?”, sai dai ba ta juya komai, abin da ke haifar da “What Audu bought?” ke nan.

Wurare biyu ne ba a juyawa. Na farko, idan aikau ɗin kansa ake tambaya: “Who bought the ram?” Babu “did”, domin babu wanda za a tsallake. Na biyu, idan tambayar tana cikin cikin wata jimla: “I don’t know where he lives”, “Tell me what your name is”, “She asked why I was late.” Ɗaliban da suka ƙware a juyawa su suka fi yin tuntuɓe a nan, sai ka ga “Can you tell me where is the market?” An riga an juya sau ɗaya a “can you”, ya wadatar: “Can you tell me where the market is?”

Amsa ma da nata rikicin. In aka ce wa Bahaushe “Ba ka ci abinci ba?” yana iya cewa “E, ban ci ba”, wato ya gaskata mai tambaya. Turanci ba mai tambaya yake dubawa ba, aikin yake dubawa. In ba a yi ba, “no” ne, ko ta yaya aka yi tambayar: “Haven’t you eaten?” “No, I haven’t.” Ba a haɗa “yes” da “haven’t” a amsa ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gaban likita ko wajen ganawar neman aiki.

’Yar wutsiyar tambaya, wadda JAMB ba ta gajiya da ita, aikin madugu ce zalla. Mu “ko?” ko “ko ba haka ba?” ta ishe mu a kowace jimla, shi ya sa ake manna “isn’t it?” a ko’ina. Dokar ita ce: maimaita madugu, juya shi, wato in jimlar tabbatarwa ce ka kore shi, in korarriya ce ka tabbatar da shi, sannan ka sa wakilin sunan aikau. “Amina has finished, hasn’t she?” “They didn’t come, did they?” “Musa sells rice, doesn’t he?” Kalmomin never, hardly, seldom, scarcely da nobody korewa ce a ɓoye, don haka wutsiyarsu ba ta ɗaukar “not”: “He hardly sleeps, does he?” “Nobody came, did they?” Guda uku sai dai hadda: “I am late, aren’t I?”, “Let’s go, shall we?”, “There is water, isn’t there?”

Dacewar madugu da aikau

Harafin s a kan suna jam’i yake nunawa, a kan aikatau kuwa tilo. “The boy runs”, “The boys run.” A mafi yawan jimlolin lokacin yanzu masu aikau suna, s ɗin yana gefe ɗaya ne kawai.

Madugu da jigon yankin suna yake dacewa, ba da sunan da ya fi kusa da shi ba. “The price of tomatoes has risen.” Farashi ne ya tashi, ba tumatir ba. “One of the students is absent.” Ka rufe duk abin da ya fara da of, in, with, as well as ko together with da yatsanka, ka karanta abin da ya rage. Banda “either … or” da “neither … nor”, inda na kusa ke da iko: “Neither the teacher nor the pupils were there.”

Kada ka auna adadin sunan Turanci da mudun Hausa. Muna cewa kaya sun ɓace, labarai sun zo, amma luggage, furniture, equipment, information, advice da news duk tilo ne: “The news is good”, “My luggage has arrived”, kuma ba a ce “furnitures” ko “advices”. Wando da almakashi tilo ne a wurinmu, amma “My trousers are torn”, “The scissors are blunt.” Police da cattle jam’i ne ko da babu s. Everybody tilo ne: “Everybody is here.”

Abin da Hausa ke sawa Turanci ya hana, da akasin haka

“Musa ya tafi” tana da suna da zagi. Ba za ka iya cire “ya” ba. Turanci guda ɗaya yake so: “Musa went” ko “He went”, ba “Musa he went” ba. Haka a cikin ganga dogarau. Muna cewa “yarinyar da na yi magana da ita”, “mutumin da na ba shi kuɗi”. A Turanci gurbin a buɗe ake barin sa: “the girl I spoke to”, “the man I gave the money to”. Ƙara “her” ko “him” a ƙarshe kuskure ne.

A ɗaya gefen, Hausa tana da cikakkun jimloli marasa aikatau: Audu malami ne, suna gida, akwai ruwa, babu wuta. Turanci ba ya yarda da jimla marar madugu, ba ya kuma yarda da jimla marar aikau, sai a umarni. In babu wanda za a sa, sai ya jawo “it” ko “there” su riƙe gurbin: “It is raining”, “There is no light.” Jimlolinmu masu “an” da “ana” kuwa, mafi dacewa a juya su karɓau, wato wanda aka yi wa aikin, ya zama aikau: an sace motar, “The car has been stolen”, ana gyara gadar, “The bridge is being repaired.” Ka lura da “been” da “being”: na farko bayan have, has, had yake zuwa, na biyu bayan am, is, are, was, were.

Wane lokaci za ka ba madugu?

Wannan ya fi sauran wahala, domin zagin Hausa ya fi damuwa da ko aiki ya kammala ko yana ci, Turanci kuwa sai ya tambayi yaushe. “Ina karatu” ba ta da lokacin kanta. Yanzu ina karatu, jiya ina karatu aka ɗauke wuta, duk “ina” ce. A Turanci ta farko “I am reading”, ta biyu “I was reading when the light went off.” Kafin ka zaɓi madugu, tambayi kanka: labarin nan na yanzu ne ko na baya? In na baya ne, duk madugan labarin su koma baya, kada ka fara da “went” ka ƙare da “goes”. Wannan tsalle-tsalle yana cinye maki sosai a insha’i.

“Na ci abinci” tana iya zama “I have eaten” ko “I ate”. Ma’aunin shi ne: in ka ambaci lokacin da ya wuce, irin yesterday, last week, in 2020 ko two days ago, “have” ba shi da wuri. “I ate yesterday.” In ba ka ambata ba, kuma abin da ya dame ka shi ne sakamakon yanzu, wato a ƙoshe kake, to “I have eaten.” Akwai kuma aikatan da muke sa wa “na” alhali halin yanzu muke nufi: na sani, na gane, na yarda. Su “I know”, “I understand”, “I agree” ne. Irin waɗannan aikatau masu nuna hali ko mallaka ba sa son ɗafin ing: “ina da mota” ita ce “I have a car”, ba “I am having a car” ba.

Da “tun” kuwa, Hausa “ina” take so, Turanci “have”: ina zaune a Zariya tun 2015, “I have been living in Zaria since 2015.” “Since” na wurin farawa ne, “for” na tsawon lokaci: since Monday, for three days. Lokaci sabau, nakan je kasuwa, ba “I use to go” ba ne. Tsurar lokacin yanzu ake sawa: “I go to the market every Friday”, ko a ƙara “usually”. “Used to” na abin da aka saba yi a da aka daina ne kawai. Bayan if, when, before, after da until, in maganar gaba ake yi, ba a sa “will”, ba a kuma komawa baya duk da cewa mu “ya” muke sawa: idan ya zo zan gaya masa, “When he comes, I will tell him.”

Yadda za ka motsa hannu

Ɗauki jaridar Turanci ko littafin karatu, ka ciro jimla goma, kada su wuce kalma 15 kowace a makon farko. A kowace jimla ka ja layi ɗaya ƙarƙashin aikau, ka tabbatar da iyakarsa ta hanyar musanya shi da he, she, it ko they. Ka kewaye madugu, in a ɓoye yake ka rubuta do, does ko did a samansa. Sannan ka juya jimlar sau huɗu: korarriya, tambayar e ko a’a, tambaya mai kalmar tambaya, da mai wutsiya. Jimla goma sun zama 40, aikin da ba zai wuce rabin awa ba. Kanun labarai kada ka ɗauka, domin ’yan jarida cire madugu suke yi da gangan don tsimin wuri, sai ka ga “Governor to visit Daura” ko “Three arrested in Kano”. Daga mako na biyu sai ka koma kan rubutunka na kanka: kowace jimla ka duba ko tana da madugu, ko an nuna lokaci sau ɗaya, ko aikatan da ke bayansa sun ɗauki siffar da ta dace. In ka sami jimla mai madugu biyu ba tare da mahaɗi irin and, but, because, who ko that a tsakaninsu ba, galibi jimla biyu ce ka cusa wuri ɗaya, sai ka raba su da aya ko ka sa musu mahaɗi.